Uban da Ya Kira 'Yar Fari da Suna

Mun tashi da asuba daga Fagge, ni da abokin cinikina, ladan na kiran salla muna ɗora wa jakuna buhunan kanwa na ƙarshe. Tun da na dawo daga Badun, wato Ibadan, masu tambayata labarin hanya sun yi yawa, kuma yawancinsu kasuwar goro suke son ji. Zan taɓa maganar goro. Amma abin da ya tsaya mini a rai a wannan tafiya wani abu ne daban, shi ya sa na ga gara in rubuta shi daki-daki yadda ya faru.

Mu uku muka shiga jirgin ƙasa. Ta ukunmu wata tsohuwa ce da aka damƙa mana amanarta. 'Yarta na aure a gidan maigidan da nake sauka wurinsa a unguwar Sabo, ta haihu, labari bai iso Kano da wuri ba, saura kwana ashirin a yi arba'in. Duk da haka tsohuwar ta ce sai ta je ta ƙarasa mata wankan jego da hannunta. Iya muke kiranta.

Wanda bai taɓa shiga taragon talakawa ba, ga shawara: ya zo da buzu, don bencin katako ne, ya cika butarsa, kuma kada ya sa farar riga. Abokina ya sa tasa sabuwa don mutanen Kurmi su san falke ya zo. Kafin mu kai Zariya hayaƙin jirgi ya mai da ita kalar toka, ya yi ta kakkaɓa yana ƙara shafa baƙi.

A Zariya wani mutum ya shigo da yarinya, suka zauna a bencin da ke fuskantar namu. Zai kai shekara arba'in, tsaf da shi, Hausarsa tamu ce ta ƙasar Kano. Yarinyar ba ta wuce tara ba. Zanenta sabo ne fil, har sawun ninki bai baje ba, kuma ya yi mata yawa. An ɗaure mata kallabi har kusa da gira. Mutumin ya yi sallama, ya raba mana rake, muka yi hirar damina. Ya ce gun 'yar uwarsa zai kai yarinyar a Badun. Ban ga wani abin zargi ba.

Iya ce ta yi irin tambayar da tsofaffi ke yi don jan hira.

“Malam, wannan ta nawa ce a ɗakin uwarta?”

“Ita ce ta fari, Iya,” in ji shi, yana shafa kan yarinyar. “Ladi, gai da Iya mana. Ladi!”

Sai da ya kira sau biyu kafin ta ɗago. Iya tana cikin tauna goro ta tsaya. Ta juya tana kallon taga.

Mun wuce Kaduna, mun kwana a hanya. Na lura mutumin ba ya barin yarinyar ko na ɗan lokaci. Ko alwala zai sauka yi, hannunta na cikin nasa. A Minna, inda doya ke da arha har kwabo ɗaya ya ishe mutum biyu gasasshiya, suka sauka tare. Nan Iya ta matso kusa da ni.

“Ɗan nan, kai kana da 'yar fari. Yaya sunanta?”

Na yi dariya na sunkuyar da kai. Shekarar 'yata goma sha ɗaya, bakina bai taɓa furta sunanta ba, “yarinyar nan” nake cewa, kamar yadda kowane uba ke jin kunyar ɗansa na fari.

“Ka gani?” in ji Iya. “Kai ko a kunnena ka kasa. Shi kuwa tun Zariya yake rafka mata kira a gaban jama'a, yana cin abinci ƙwarya ɗaya da ita. Wannan ba ubanta ba ne.”

Kowa ya san Turawa sun hana saye da sayar da bayi, sun ce duk wanda aka haifa bayan zuwansu ɗa ne. Kowa kuma ya san har yanzu ana sato yara daga duwatsun gabas, a ɓoye su a rugage su yi bauta har su ɗan ji Hausa, sannan a sa musu tufafinmu a gangara da su Kurmi, inda gonaki ke neman hannu. Na sha jin labari. Ban taɓa zama gwiwa da gwiwa da abin ba.

Da suka dawo, Iya ta ɓare doya ta miƙa wa yarinyar.

“'Yar nan, za ki ci doya?”

“Ubana ne,” in ji yarinyar.

Mutumin ya yi dariya, ya ce zazzaɓi ne ya taɓa mata kunne tun tana ƙarama. Ya karɓi doyar ya ba ta da kansa. Na ga yatsunsa sun nutse a dantsenta.

A wata tasha kafin gadar Kwara jirgi ya tsaya, wani akawu mutumin Kurmi ya shigo da ɗan sanda a bayansa, suna duba masu tafiya da yara. Hausar akawun ta koyo ce. Ya tsaya kan yarinyar ya yi tambaya uku. Wane ne wannan? “Ubana ne.” Yaya sunanki? “Sunana Ladi.” Ina za ku? “Gun gwaggona za mu.” Mutumin ya jawo ta jikinsa yana cewa Ladi kaza, Ladi kaza. Akawun ya yi murmushi, ya ce uba nagari ke nan, ya wuce. Abin da ya tona wa mutumin asiri a idon Iya, shi ne ya wanke shi a idon akawu.

Na buɗe baki, abokina ya mintsine ni a cinya. Daga baya ya ce mini duk wanda ya yi magana za a sauke shi a matsayin shaida, kanwa ta tafi Badun ba mai ita, kuma hujjarmu ɗaya ce, wai uba ya kira 'yarsa da suna. Wa zai saurare mu? Gaskiya ne abin da ya faɗa. Amma na yi shiru, kuma ba na son in ɓoye wannan a labarin nan.

Daga Jebba ƙasa ta fara sauyawa. Mun sayi bandar kifi a bakin gada. Bayan Ilorin itatuwa suka yi tsawo suka rufe sama, iska ta yi nauyi kamar an jiƙa bargo. Mata na bin tagogi da agidi a cikin ganye da ƙosai soyayye da manja, suna kiranmu Gambari, sunan da Yarabawa ke kiran kowane Bahaushe. Abokina ya sayi miya a Offa, ya yi loma biyu, hawaye suka zubo masa saboda barkono, ya ce wannan ba abinci ba ne, horo ne. A wata tafiyar da mun yi ta dariya har Oshogbo. A wannan kuwa idona na kan bencin gabanmu. Duk tashar da jirgi ya rage gudu sai in ji tsoron mutumin zai sauka da ita a inda ba mu san kowa ba. Bai sauka ba. Mai jiransa a Badun yake.

Da la'asar muka isa. Yaran maigida sun zo tarbarmu a tasha. Tun kafin mutumin ya ɗauki ƙunshinsa Iya ta sa ɗaya daga cikinsu ya sa shi a ka.

“Malam, ai baƙon Bahaushe ba ya da masauki a garin nan sai Sabo. Mun sha hanya tare, kuma ka kwana a wani gida? Allah ya kiyaye.”

Ya yi 'yan kame-kame, amma ƙunshi ya riga ya yi gaba. Ya biyo mu.

Sabo tana gindin tudun Mokola, ɗan nesa da tsohon gari. Unguwar sabuwa ce kamar sunanta. Layukanta a miƙe suke don Bature ne ya auna su, gidaje na laka da jinka, jefi-jefi mai rufin kwano, bayan gida na ƙarshe kuma daji ne. In ka rufe ido ka saurari masu tallan fura da karatun allo, sai ka rantse kana Fagge. In ka buɗe ka ga ayaba a bayan katanga, sai ka tuna. Gidan maigidana zaure biyu ne, da ɗakunan baƙi a gefe, da rumfar da ake gyaran goro. A rumfar akwai wani tsoho da kowa ke kira Baba, aikinsa zaɓen goro da ɗaurin huhu, wato ƙunshin goro a cikin ganye. Shi ma tun yana yaro aka kamo shi daga gabas, kafin zuwan Turawa, ya daɗe da samun kansa, amma bai san hanyar komawa ba.

Muna shiga zaure Iya ta kama ɗayan hannun yarinyar.

“Mace ba ta kwana a ɗakin baƙi maza. Kawo ta.”

Na ɗan lokaci su biyu suna riƙe da ita, kowa da hannu ɗaya. Maigida da mutanensa na kallo. Mutumin ya saki. Ya bi su har ƙofar zaure na biyu, inda namiji baƙo ba ya wucewa, ya tsaya nan yana kallon labulen asabari.

Da hantsi washegari wani dillali ya zo ya tsaya a gindin bishiyar da ke ƙofar gida. Bai yi sallama ba. Namu ne, Bahaushe, an ce yana kai ma'aikata gonakin koko, wato itacen nan da Turawa ke sayen 'ya'yansa, ba kokon da muke sha da ƙosai ba. Mutumin ya fita suka yi ƙus-ƙus, ya dawo ya ce a fito masa da 'yarsa, gwaggonta ta aiko. Aka aika ciki. Amsa ta dawo cewa Iya ta ce ba za ta fito ba.

Maigida ya kira mu zaure. Da ya ji abin da ake zargi, fuskarsa ta sauya.

“Kun san abin da ya sa aka tattaro mu nan?” in ji shi. “Da a cikin gari muke, gidan Bayarabe nan, gidan Bayarabe can. Aka ce muna ɓoye ɓarayi, aka kwaso mu aka zuba a dajin nan don a riƙa ganinmu. Yau ɗan sanda ya shigo gidana a kan maganar bayi, gobe unguwar nan duka za ta amsa. Ni ba alƙali ba ne. Ya ɗauki 'yarsa ya bar mini gida.”

Na ga magana za ta ƙare a nan. Dillali na waje, tafiyar yini ɗaya cikin kurmi ba mai sake jin labarinta. Sai muryar Iya ta fito daga bayan asabari.

“Maigida, ka gafarce ni, ni surukar gidan nan ce, bai kamata a ji muryata a zaure ba. Amma tambaye shi, a wane gari na ƙasar Kano uba ke kiran 'yar fari da suna?”

Maigida ya juya ya dubi mutumin. Sauran baƙi ma suka dube shi. Mutumin ya share gumi da hannun riga.

“To, gaskiya riƙo ne. 'Yar ƙanena ce, riƙonta nake yi. Tsohuwa ce ba ta ji daidai ba.”

Na ga maigida ya sauke numfashi. Riƙo abu ne da kowa ya sani, rabin gidajen Sabo akwai ɗan riƙo a ciki, kuma mai riƙo yana kiran suna yadda ya so. Kalma ɗaya ta buɗe wa kowa ƙofar fita. Maigida ya waiwayo gare ni.

“Kai ka zo da su. Me ka ji da kunnenka?”

Abokina ya taka mini ƙafa. Kanwata na ɗakin ajiyar maigida, shi ke nemo mini masu saye, kuma na san amsar da yake so. Na ce a Zariya mutumin ya ce ita ce ta fari, a gaban akawu kuma ya amsa cewa shi ne ubanta, kuma tun da muka haɗu ban ji yarinyar ta faɗi komai ba ban da jimla uku, ko da doya aka miƙa mata.

Maigida ya ce a fito da ita.

Iya ta turo ta ba kallabi. Tsakiyar kanta ba gashi ko ɗaya, fatar ta yi kauri ta yi sheƙi, irin na wanda ya shekara yana ɗaukar kaya ba gammo. A idon sawunta biyu akwai tsohon tabon igiya.

“Wace 'ya ce ba ta ɗaukar kaya?” in ji mutumin, muryarsa ta ɗaga. “Ladi, zo nan!”

Ta ɗaga ƙafa za ta tafi wurinsa. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni tsoro a duk tafiyar: da kanta za ta je.

Baba mai ɗaurin huhu yana bakin ƙofa da ganye a hannu, ya zo kallo. Ya ƙura wa wasu 'yan ƙananan tsage da ke goshinta ido. Sai ya faɗi wata kalma a harshen da ban taɓa ji ba, a hankali, kamar mai gwada tsohon makulli. Yarinyar ta tsaya cak. Ya sake faɗa. Ta juya, sai magana ta ɓalle mata kamar an fasa tulu. Muryar da muka sani mai jimla uku ba ita ba ce wannan.

Baba ya manta da yawa daga harshensu, amma ya fahimci isasshe. Tana tsaron awaki a kan dutse aka ɗauke ta, damina biyu da suka wuce. Ta yi ɗiban ruwa da itace a wata ruga, da dare a ɗaure ta a turke. Hannu uku ta bi kafin wannan mutumin. Shi ya koya mata jimlolin nan da tsumagiya.

“Sunanta Kube,” in ji Baba, idonsa ya cika. “A duwatsunmu sunan 'yar fari ke nan. Ta farin ce, Maigida. Ba tasa ba ce kawai.”

Mutumin ya miƙe ya ce zai je ya kawo shaidu. Ko ƙunshinsa bai ɗauka ba. Da na leƙa waje, gindin bishiya ba kowa. Maigida bai sa a bi su ba, bai kuma kai magana gaba ba. Abin da ya yi shi ne ya sa malamin gidan ya rubuta takarda da ajami cewa yarinyar 'ya ce, ba baiwar kowa ba, kuma tana hannun Iya. Ni kuwa, kwana uku bai amsa gaisuwata da sakin fuska ba.

Kanwa ta sayu, ba yabo ba fallasa. Goro bana ya yi kyau kuma ya fi na bara sauƙi, sai dai mai saye ya buɗe huhu har ƙasa, don ana sa manya a sama. Na bi motar kaya zuwa ƙauyukan da ake sarinsa. A hanya na ga yara a jere da kwanduna a ka suna fitowa daga gonaki. Na yi wa wasu sannu da Hausa, direba ya yi musu da Yarabanci. Wasu sun amsa. Wasu sun dube mu kawai suka wuce. Ban san labarin ko ɗaya ba, kuma motar ba ta tsaya ba.

Bayan arba'in muka kamo hanyar gida mu huɗu. Baba ya rako mu har tasha yana ta yi wa Kube magana, kamar mai son ya ƙarar da duk kalmomin da suka rage masa. An shirya a kai ta Kano ne don can masu shanu daga gabas ke yada zango, ko Allah zai sa a samu wanda ya san dutsensu.

A tashar nan ta kusa da gada akawun nan ya sake shigowa. Bai gane Kube ba. Ya nuna mata Iya ya ce wace ce wannan. Kube na ganin kakin ɗan sanda ta sandare.

“Ubana ne,” in ji ta.

“Ina uban?” in ji akawu. Ya dubi Iya, wadda ke zaune a gefe ba ta ko taɓa yarinyar. Iya ta ce riƙonta take yi. Ya ce haka duk suke cewa, su sauko. Na miƙa takardar maigida, ya juya ta sama da ƙasa, ba ya karanta ajami. Jirgi ya yi kukan farko. Wanda ya sato ta ya wuce nan da yabo, wadda ta cece ta ga shi za a sauke.

Wannan karon ban jira a mintsine ni ba. Na miƙe na ce in za a sauke su a sauke da ni, amma ina roƙon ya yi mata wata tambaya da ba ta cikin ukun da ya saba. Ya harare ni. Ɗan sandan, wanda ɗan Arewa ne, ya karɓi takardar yana bi da yatsa. Akawun ya sunkuya.

“Me kika ci yau?”

Kube ta kama bakin zanen Iya.

“Doya,” in ji ta. “Iya ta ba ni.”

Ɗan sandan ya ce takarda daidai take. Shi da akawun suka sauka, jirgi ya tashi.

Mun iso Kano lafiya ranar Alhamis. Abin da na koya shi ne masu wannan sana'a sun san tambayoyin da ake yi, kuma sun san kalmomin da ke sa mu kau da kai. Riƙo na gaskiya da riƙo na ƙarya suna ɗaya suke amsawa, daga ƙofar gida ba a bambance su. Duk wanda ya ga yaro a hanya zuciyarsa ta ƙi kwanciya, ya yi wa yaron kansa magana, kuma ya tambaye shi abin da ba a shirya masa amsarsa ba.

Mun ba masu shanu uku saƙo zuwa gabas. Har yau ba amsa. Shekaranjiya na bi ta gidan Iya, tun daga bakin lungu nake jin muryarta: Kube kawo wannan, Kube zo ki ci, Kube ina kika shiga. Na ce Iya, ai sai ki ƙarar mata da sunan. Ta ce da gangan take ɗaga murya. Na ɗaya kada yarinyar ta manta shi. Na biyu, lungun nan hanyar zango ce, wata rana wani daga dutsensu zai wuce ta bayan katanga ya ji.